Shekarar da Aka Fasa Rumbun Iri

Zafin Dubai na watan bakwai ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Wannan jiƙaƙƙe ne, sai ka ji kamar an kifa maka tukunyar dambu a ka. Daga sha biyu da rabi doka ta hana aiki a rana sai ƙarfe uku, to sai mu bar injinan mota da giyabos a bakin kwantena, mu shige sito mu baje a kan kwali gaban fanka. Shekarata tara a Ras Al Khor ina lodin tsofaffin kayan mota masu tafiya Kano da Maraɗi. Baƙin mai ya zauna mini a hannu, babu sabulun da ke fitar da shi.

A irin wannan hutun ne Alhaji Mutari ya same ni shekaranjiya. Ɗan kasuwa ne, mutumin Maraɗi, kwantenarsa muke lodawa. Ya fito daga mota mai sanyi, shaddarsa ko lanƙwasa babu, riƙe da takarda da ɗan gwangwanin tawada.

"Illa ɗan ƙasa! Yalla, tashi ka dangwala mana nan."

Na ce, "Na mene ne, Alhaji?"

"Wasiƙa ce za mu aika gida. Mu 'yan Nijar mazauna Dubai muna goyon bayan fitar da ƙasarmu ta yi daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu. Mun fita, khalas, ba komawa. Mutuncinmu ya dawo."

Bashir na gefe yana shan shayi. Bakano ne, injiniya, shi ke duba injinan kafin mu loda. Ya ajiye kofi ya ce, "Baba Illa, kar ka sa hannu. Ƙungiyar nan tana da majalisa, tana da kotu, tana da dokokinta. Wasu masu kaki sun tashi rana ɗaya sun ce an fita. Wa suka tambaya?"

Alhaji ya ce, "Ku da kuka rufe mana iyaka, kuka yanke mana wuta, wa kuka tambaya?"

Suka hau musu a kaina kamar ni tabarma ce. Wannan ya ce 'yanci, wancan ya ce doka. Ni dai ina kwance ina kallon babban yatsana na dama. Akwai wani tabo a jikinsa, a karkace, wanda ya sa na'urar ƙofar sito ba ta karɓarsa sai na sa manuni. Zafin nan da musun nan da yatsan nan suka haɗu suka mayar da ni wata bazara, shekara arba'in ke nan ko kusa.

Garinmu Tudun Aduwa yana cikin Nijar. Unguwar Kuka tana cikin Najeriya. In ka tashi da hantsi, kafin rana ta take ka isa. Iyakar wani guntun ƙarfe ne da aka kafa a siminti, awaki ke sosa jiki da shi. Kakata 'yar can ce. Kasuwarmu can take, su kuma in rijiyarsu ta ƙafe tamu suke sha.

A wata yunwa da aka yi tun ina goye, mutane sun cinye irinsu, damina ta sauka babu abin shukawa. Bayan ta wuce sai dattawan ƙauyuka huɗu, biyu nan biyu can, suka haɗa kai suka gina rumbu ɗaya don iri kawai. A Unguwar Kuka aka gina shi, don su ne masu yawa, kuma su ke da jan yumɓu mai kyau. Ƙa'idarsa ba ta da tsawo. Da kaka kowane maigida ya kawo dami ɗaya na hatsin da ya fi kyau a gonarsa. A zuba, a liƙe bakin rumbun da ɗanyen yumɓu, kowane maigida ya danna babban yatsansa a jiki tun bai bushe ba. Ba a fasawa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ba a fasawa sai duk mai yatsa a wurin yana tsaye da ƙafarsa, ko ya aiko ɗansa da bakinsa. Babu takarda, babu kwado. Yumɓu da kunya ne kaɗai ke gadinsa. Sarkin Noman Unguwar Kuka shi ne mai kula, amma shi ma ba ya da ikon taɓa ko zangarniya ɗaya.

A shekarar da nake faɗa, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ya yi ciki. Muna kallo ganye ya naɗe, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Babana ya rasu kafin a yanke ɗan abin da ya tsira. Ya bar ni ina da shekara sha bakwai, da Inna, da ƙannena mata biyu, da gona ɗaya babba mai gawo uku a tsakiya. Gonar nan ita ce duk abin da muka mallaka. A wurinmu gonar da ta kwana damina ba shuka, idon mutane yana kanta.

Dami sha ɗaya muka samu a inda aka saba samun sittin. Inna ta zauna ta zaɓe zangarniyoyin da suka cika, ɗaya-ɗaya, ta ɗaure dami.

Na ce, "Inna, mu bar shi mu ci mana. Bana kowa ya san halin da ake ciki."

Ta ce, "Ubanka bai taɓa fashi ba. Ba daga kanka za a fara ba. Ɗauki ka kai."

Na kai. Ranar liƙewa na shiga layin magidanta, karo na farko a rayuwata. Wuƙar yankan hatsi ta tsaga mini yatsa a kakar nan, bai gama warkewa ba, don haka da na danna a yumɓun sai ga layi a karkace ya raba shatin biyu. Sarkin Noma ya yi dariya ya ce, "Ɗan Mamman, naka ko makaho ya shafa zai gane shi." Na dawo gida ina tafiya ina buɗe kafaɗa, wai ni ma na zama mutum, ba za a buɗe rumbun ƙauyuka huɗu ba sai da ni. Wauta dai ta ƙuruciya.

Hatsinmu ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Ana cikin haka gwamnatin can ta rufe iyaka. A rediyo muka ji. Ba wanda ya zo ya gaya mana dalili, sai sojoji muka gani sun kafa tanti a gindin ƙarfen nan da awaki ke sosa jiki. Mace ta ɗauko mudun garin kwaki daga gidan 'yar'uwarta, su sauke mata su zubar ko su cinye. Kasuwar da nake zuwa da ƙafa tun ina yaro ta koma wata ƙasa da gaske.

Sai aka koma daji. Mata su fita tun da safe su roro 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana huɗu ana canza ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya gama fita. A dafa, ka haɗiye kana yamutsa fuska, cikinka ya yi ta kuka har yamma. Ganyen jiga, ganyen yaɗiya, duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba mun ci. Ƙannena sun tona gidan tururuwa sun kwaso tsabar da ta tara, Inna ta sheƙe ƙasar ta dama kunu, muna sha yashi na ƙara a haƙori. Dusar da a da ake zuba wa tumaki ta zama abincin baƙo. Awakinmu uku muka sayar da biyu, ta ukun ta mutu da kanta, ko fatarta ba ta yi kyau ba.

Azumi kuma ya faɗo a tsakiyar bazara. Sahur ruwan dusa ne da ɗan gishiri. Da hantsi iska ta tsaya cak, ƙasa ta ɗauki zafi har ba ka iya taka ta ba takalmi, leɓɓanka su tsage, miyau ya ƙafe ka rasa abin haɗiya. Duk da haka ba a zauna ba, don dole a share gonaki kafin ruwa. Gayya muke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, mu sare sabara da geza mu tara mu ƙone. Gayya ba fura, ba kiɗa, ba mai magana da wani. In rana ta take sai mu kwanta a gindin gawo, wasu su jiƙa riga su rufe fuska. Na ga ƙato ya faɗi da gatari a hannu, aka ja shi inuwa aka ci gaba. Da magariba a sha ruwa da anza. Abu ɗaya ne ya riƙe ni a watan nan: na san damina na nan cikin rumbu, kuma yatsana na bakinsa.

Ran sha biyu ga azumi gabas ta fara yin baƙi da la'asar. Ta haɗa ta watse, ta haɗa ta watse. Muna jiran aike daga Sarkin Noma, a ce ga ranar fasawa, a san yadda za a lallaɓa sojoji. Maimakon aike sai wata mata da ta ɓullo ta daji ta kawo labari: an fasa rumbu tun mako guda da ya wuce. Mutanen Unguwar Kuka sun kwashe nasu, har sun taɓa namu.

Wakilin garinmu a maganar rumbun shi ne Baba Barmo, ɗan'uwan babana ne na nesa. Shi kaɗai ke da rediyo a garin, shi ya sa bakinsa ke cike da manyan kalmomi. Yunwar nan duk ba ta rage masa wuya ba, ba wanda ya tambayi dalili. Ya sa aka tara mutane a gindin aduwa bayan sallar la'asar, ya hau kan turmi.

"Jama'a! Sun raina mu! Don sun fi mu yawa, don rumbu na ƙasarsu, sun mai da mu bayinsu. Yatsunmu suka fasa, ba yumɓu ba! To daga yau mun fita. Ba mu ba su. Irinmu a garinmu zai kwana. Ko kuna son ku ci gaba da roƙo?"

Aka ce, "A'a!" Aka tafa. Mutanen da ba su da ƙarfin ɗaga gatari suka samu ƙarfin tafi. Ni ma na tafa, ba zan yi ƙarya ba. Raina a ɓace yake, kuma abin da ya faɗa a kan mutanen can gaskiya ne.

Da hayaniya ta lafa na ce, "Baba, to irin namu, wa zai riƙe? Yaushe za a raba?"

Ya dube ni daga kan turmin. "Mi ka ce? Ana maganar mutunci kana maganar hatsi? Tahi ka zamna, ɗan Mamman."

Aka yi mini dariya. Na zauna. Ba a ce wa ya yarda wa bai yarda ba, ba a ƙirga kowa ba. Mata ko kiransu ba a yi ba, su da suka zaɓi irin. Tafin nan shi ne shawarar, shi ne hukuncin.

Kwana biyu ban ji komai ba, gabas kuma tana ƙara baƙi. Na uku na kasa haƙuri. Na tashi da tsakar rana, lokacin da sojoji ke barci a tanti, na bi ta daji da azumi a bakina. Ƙaya ta cinye mini ƙafa. Sau biyu idona ya rufe na durƙusa. Da na isa Unguwar Kuka harshena ya kumbura, da ƙyar na yi sallama.

Sarkin Noma na zaune a inuwar rumbun yana jan carbi. Bakin rumbun a buɗe, ciki wayam, ga fasassun yumɓu zube a ƙasa kaji na tona su.

Ya ce, "Ɗan Mamman ne? Ta ina ka ƙetaro?"

"Ta daji, Sarkin Noma. Na zo ɗaukar irina."

"Ai Barmo ya zo jiya da jakai, ya san yadda ya yi da sojoji, ya kwashe naku duka. Ya ce kun fita."

"Ni ban aiko shi ya ɗaukar mini ba."

"Ya ce da bakin gari yake magana."

Na ce, "Ku kuma da kuka fasa, da bakin wa?"

Bai ji kunya ba, wallahi ko carbin bai daina ja ba. Ya ce, "Mun zauna, mu manya. Mun ga iyaka a rufe, ba ku iya zuwa, sai muka yi shawara a madadinku. An ɗan taɓa naku, gaskiya ne, azumi ne, mutane na faɗuwa."

"Mu can ba ma faɗuwa? Ga ni na zo da ƙafata. Da kun aiko mutum ɗaya ta inda na biyo, da duk mun zo."

Ya ce, "Yaro, in aka ce sai an tambayi kowa, yaushe za a yi aiki?"

Na tsuguna ina juya fasassun yumɓun. Ban daɗe ba na same shi, guntu kamar tafin hannun jariri, ga shatin yatsa da layi a karkace. Na ɗaga na nuna masa. Ya ce, "Naka ne kam. Ɗauki ka tafi da shi." Abin da na samu ke nan a ƙungiyar ƙauyuka huɗu.

Na isa gida ana kiran magariba. Na miƙa wa Inna guntun yumɓun. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Wannan za mu shuka?"

Washegari da la'asar ruwa ya sauka. Da farko iska ce ta taso ta kwashe shingaye, gari ya yi duhu, sai ƙanshin nan na ƙasa ya bugo, wanda har yau in an yi ɗan yayyafi a Dubai nake buɗe hanci ina nemansa ba na samu. Sannan ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu. Manya masu azumi suka tsaya a ciki suna rufe baki kada ɗigo ya shiga. Inna ta jera tukwane a bakin indararo tana kuka tana dariya. Ruwan shuka ne sosai, ya jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Duk manomi ya san abin da ke biye: gobe da safe iri ya shiga ƙasa, jibi ma an yi latti kaɗan, gata kuwa sai dai addu'a.

Da gari ya waye muka taru a ƙofar Baba Barmo da ƙorai a hannu. Irin gari yana cikin rumbunsa, ya sa masa ƙyauren kwano da ƙaton kwado, ɗan makullin na rataye a wuyansa tare da laya.

Ya ce, "Yanzu mu ke da kanmu, dole mu yi tsari. Za a fara da gonar gari, don a samu irin baɗi. Kwana uku, gayya. Bayan nan kowa ya karɓi nasa."

Garinmu bai taɓa yin wata gonar gari ba. Da muka bi shi sai ga mu a gonarsa.

Na ce, "Baba, ƙasa za ta bushe. Ba ni damina kawai, na san shi, Inna ta ɗaure shi da jan tsumma."

"An haɗe, an sussuke. Babu na wane yanzu, na gari ne."

"Wa ya ce a haɗe? Wa ya ba ka makullin?"

Ya matso har ina jin numfashinsa. "Ran nan a gindin aduwa, ka tafa ko ba ka tafa ba?"

Na duba mutane, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwaryarsa. Waɗanda suka fi kowa tafi, su ne aka faki ido aka ba su nasu a ranar. Mu sauran muka ɗauki sungumi.

Kwana uku ina sara rami a gonar Barmo da azumi, mata na bina suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kowane sara ina jin ƙasar tana ƙara tauri. Da yamma in bi ta gonarmu in cusa yatsa, in ga laimar ta ƙara yin ƙasa. Rana ta farko gaɓa ɗaya, ta biyu gaɓa biyu. Ran na huɗu aka auna mini rabin ƙwarya, ni da na kai dami. Na sara, Inna da ƙannena suka bi ni, ƙura na tashi daga ramin.

Hatsin ya fito, jefi-jefi, sirara kamar gashin jariri. Sai sama ta rufe bakinta kwana sha takwas. Na Barmo da ya riga ya kafa saiwa ya lanƙwashe ya jira. Nawa ya ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo, ya dawo da gaske, daminar ta yi kyau, amma ni ba ni da ko tsaba ɗaya. Na koma wurin Barmo, ya ce ya ƙare. Na sake bin daji zuwa Unguwar Kuka, Sarkin Noma ya ce, "Ai kun fita." Gona mai gawo uku ta cika da ciyawa, tana kore shar, mutane na wucewa suna kallo.

Da kaka Baba Barmo ya zo gidanmu da sallamarsa da tiya biyu ta hatsi. Ya ce wa Inna gona ba ta kyau da zama haka, zai riƙe mana ita har yaron ya yi ƙarfi. Inna ta kalli ƙannena, ta kalli hatsin, ta ce to. Ni kuwa na ɗaura ɗan ƙunshina na fita ci-rani. Legas, Agadas, Libiya, yanzu nan. Ƙarfin na yi shi har ya fara ƙarewa. Jikokin Barmo ne ke noman gonar yau. Rumbun iri kuwa ya rushe tun tuni, ƙauyukan huɗu kowa na sayen iri a kasuwa.

Guntun yumɓun yana cikin kwallar Inna har ta rasu. Ban san inda ya shiga ba.

Da na dawo daga tunanin nan, Alhaji da Bashir ba su gama ba. Na tashi zaune na ce, "Injiniya, majalisar nan da kake faɗa, wa ka zaɓa a cikinta? Faɗa mini sunan mutum ɗaya."

Ya sosa ƙeya. "To, ba kai tsaye ake zaɓensu ba, Baba Illa. Daga majalisun ƙasashe ake turawa."

"Lokacin da shugabanni suka zauna suka rufe iyaka, matata ta bi daji da buhun shinkafa a ka, hanyar da na bi ina ɗan sha bakwai. Ƙofar wa zan buga in ce an cuce ni?"

"Akwai hanyoyi na doka, sai dai suna da tsawo."

"Na sani. Manya sun zauna sun yi shawara a madadinmu."

Alhaji ya fashe da dariya. "Gaya masa, ɗan ƙasa! Gaya masa!"

Na juyo. "Kai ma ina da tambaya, Alhaji. Waɗanda suka fitar da mu, sun kafa akwati sun ce mu jefa ƙuri'a, a fita ko a zauna?"

"Ba ka ga jama'a a titi ba? Filin wasa ya cika maƙil, ana ta tafi!"

"Na ga tafi. To in suka yi ba daidai ba, yaushe zan iya sauke su? Wace rana? Makullin yana wuyan wa?"

Fuskarsa ta canza. "Illa, ba lokacin wannan maganar ba ne. Ana maganar mutuncin ƙasa kana kawo ƙananan abubuwa."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Barmo ya mutu ya daɗe, ashe bakinsa na nan yana yawo a mota mai sanyi.

Na ce, "Ba zan dangwala ba. Ba don Bashir ba, shi ma rumbunsa ban ga abin da ya ba ni ba. Ranar da aka zo tambayata kafin a yi, ku same ni a nan, kun san inda nake kwanciya."

Alhaji ya ɗaga kafaɗa. "Kai ka sani. Ai mun riga mun buga sunanka, dangwalen cika takarda ne kawai. Duk 'yan ƙasa na ciki."

"Mu gani."

Ya miƙo. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na san sunana in na gan shi. Ga shi nan kusa da ƙasa, an buga da inji, Illa Mamman, da ɗan fili a gefe. Ban taɓa tawadarsa ba. Akwai wani giyabos kusa da ƙafata yana ɗigar da mai. Na shafo da babban yatsan, na ɗora a kan sunan, ba a filin ba, na danna na murza har sai da babu harafi ɗaya da ke karantuwa.

Na mayar masa. "Ga yatsan."

"Ka ɓata mini takarda, Illa!"

"Sunana na ɗauke, Alhaji. Sauran ban taɓa ba."

Ya tsaya yana huci, yana riƙe da ita da yatsu biyu nesa da shaddarsa. Bashir ya buɗe baki zai yi dariya, na harare shi, ya rufe. Ƙarfe uku ta buga, mudir, shugaban sito, ya leƙo yana yalla yalla. Na ɗaura tsumma a ka na fita cikin ranar, don injin Alhaji sha huɗu ne suka rage a ƙasa, kuma ba su loda kansu.